Tambayoyin Masu Karatu: Wace Shara ce Mai Guba a Lambu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman alayyafo da latas a Ojo, nan Legas. Robobin maganin feshi da baƙin man injin ban-ruwa sun taru mini a gindin bukka, har yara na ɗibar ruwa da robobin. Wanne ne mai haɗari, wanne zan kai bola?
Daga wani manomin lambu, Ojo

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, karɓe robobin nan daga hannun yara yau. Roba tana shan magani, sabulu ba ya fitar da shi duka.

Duba zanen launin da ke ƙasan takardar kowace roba. Ja ya fi kowanne guba, galibi da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Ruwan ɗorawa ke bi masa, sai shuɗi, sai kore. Koren ma ba na ɗibar ruwa ba ne. Wadda takardarta ta goge, ko maganin ya daskare, ko lokacinsa ya wuce, ɗauke ta a matsayin ja. Kada ka shinshina don ka gane ta.

Da zarar magani ya ƙare, sa safar hannu, zuba ruwa kwatan robar, rufe, girgiza na daƙiƙa 30, ka juye a famfon feshinka. Yi haka sau 3, sannan ka huda gindinta. In ka bari ya bushe a ciki, ɗauraya ba ta cire shi.

Wanda aka fi rainawa shi ne tokar ƙwayar adana wake da masara. Laima na taɓa ta, sai ragowar ta saki iska mai kisa, mai wari kamar tafarnuwa. Kada ta kwana a ɗakin da ake barci.

Baƙin mai kuwa, tara shi a jarka mai murfi. Tsohon batir akwai darma da asid a cikinsa, kada a fasa.

Binnewa ba mafita ba ce a Ojo, domin ƙasar yashi ce, ruwa kuma na kusa. Abin da ka binne zai gangara rijiyar da kake ban-ruwa da ita. Ƙonawa kuma hayaƙin guba ne. Adana duk waɗannan a inuwa, wurin da ake kullewa, ka tuntuɓi LASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, ko LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar, kan kwashewa. Ciyawa da ruɓaɓɓen ganye kam, mayar da su taki.