Bayan motata ya zauna, in ƙara mata sifirin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar buhunan albasa da Hiace daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege a Legas. Kwanan nan bayanta ya karkata hagu, in na faɗa rami sai in ji ƙum, a kwana kuma tana rangaji har gabana ya faɗi. Wani a kasuwar kayan mota ta Ladipo ya ce in ƙara ganye biyu, wato fallen ƙarfe, a sifirin. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka ƙara komai tukuna. Sauke kaya, ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, hagu da dama. In awon ya bambanta sosai, sifirin ɗin hagu ya gaji ko ganye ya karye. Leƙa da tocila: siririn layin jan tsatsa a jikin ganye tsagewa ce. Robar nan da ke hana aksul dukan bodi in ka ga ta yi sulɓi ko ta yage, to motar na dukan ƙarshe, shi ne ƙum ɗin. Sa ƙarfe ka girgiza bushin, wato robar da ke bakin sifirin, ka ga ko ya saki. Shokazoba kuwa, in mai ya jiƙa jikinta ta gama aiki, kuma biyun ake canzawa tare.

Sai batun ƙarin ganye, wanda na gaji da ji a gareji. Ganye yana ɗaga bayan mota ne, ya ƙara wa sifirin tauri kawai. Bai ƙara wa taya ƙarfi ba, bai ƙara wa boris da aksul ba, balle birki. Direba ya ga mota ta miƙe, sai ya ɗora ƙarin buhu biyar yana murna.

Ga kuma abin da masu wannan shawara ba sa faɗa. Tsofaffin Hiace da Hilux da yawa suna da bawul kusa da aksul na baya, wanda ke auna yadda mota ta zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon nauyi. Ka ɗaga bayan, bawul ya ɗauka motar wayam take, ya rage birki alhali kana ɗauke da lodi. Ranar da danfo, motar hayar Legas, ya tsaya maka kwatsam a titin Ikorodu za ka gane, Allah ya kiyaye. Wanda ya ce ka ƙara ganyen yana shagonsa a lokacin.

Mai walda ma kar ya taɓa karyayyen ganye, zafi na kashe ƙarfen sifirin. Canza sifirin gaba ɗaya, hagu da dama, a sa sababbin yubol masu ɗaure sifirin da aksul, sannan ka rage lodi.