Na haddace buɗe-wasa, amma Baba yana ci gaba da lallasa ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da majalisar 'yan wasan ces (darar Turawa, wato chess) a Ƙofar Marusa, nan Katsina. Wata shida ke nan ina haddace hanyoyin buɗe wasa a waya, Sisiliyan da Rui Lofez, har taku goma sha biyar. Amma akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ko sunan buɗe-wasa ɗaya bai sani ba, kullum sai ya cinye ni. Wace buɗewa zan ƙara koyo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ƙara ko ɗaya. Baba ba a farkon wasa yake cin ka ba. Yana barin ka ka gama karanto haddarka, ya musanya manyan 'ya'ya, sannan ya ja ka zuwa inda fage ya yi fili, saura sarki da sojoji da ƙila ruk guda (ɗan wasan da ke tafiya a miƙe). Can ne ba ka da gari.

Ka tuna yadda kambun duniya ya sauya hannu a Singafo ranar 12 ga Disamba, 2024. Wasa na 14 ne, na ƙarshe, tsakanin Ding Liren na Sin da Gukesh na Indiya, maki kunnen doki. Kowa na da ruk da bishof (ɗan wasan da ke tafiya a karkace), Gukesh ya fi da soja ɗaya tak, kuma masana sun riga sun sallama cewa canjaras za a tashi. A taku na 55 Ding ya miƙa ruk ɗinsa don a yi musaya, ya manta bishof ɗinsa na maƙale a kusurwa, ba shi da hanyar kauce wa tasa musayar. Aka kwashe su duka. Saura sarakuna da sojoji. Taku uku bayan nan Gukesh ya tsayar da sarkinsa daidai gaban na Ding, gida ɗaya a tsakani, Ding ya miƙa hannu. Yaro ɗan shekara 18 ya zama zakaran duniya, maki bakwai da rabi da shida da rabi. Mutanen nan kowanne da tawagar masana da kwamfutoci da suka yi watanni suna shirya masa buɗe-wasa, amma abin da ya raba gardama darasi ne na ajin farko.

To, wannan tsayuwar gaba-da-gaba ita za ka fara koyo. Idan sarakuna biyu suka fuskanci juna da gida ɗaya a tsakani, wanda taku ya faɗo kansa shi ne zai kauce, ɗayan ya kutsa. Don haka sarkinka ya riƙa shiga gaban sojansa, ba ya tura shi yana binsa a baya ba. In sarkinka ya kai layi na shida yana gaban sojan, ka ci, ko wa ke da taku. Sai dai sojan gefen allo: wannan in sarkin abokin karawa ya riga ka shiga kusurwa, ko kwana za ku yi canjaras ne. Mutane da yawa sun yi musayar kaya suna murna sun fi da soja guda, ashe na gefe ne, dara ta ci gida.

Bayan nan ka iya kashe sarki da ruk ɗaya ba tare da dogon tunani ba. Ruk, wanda wasu ke ce wa hasumiya (ni dai Gobarau yake tuna mini), shi ne ya fi yawan saura a ƙarshen wasa, saboda shi ke makara wurin fitowa. Kada ka bar shi gadin soja kamar maigadi; ka sa shi bayan sojan da ya sami hanya, naka ne ko na abokin karawa. Capablanca na Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, ya daɗe da ba masu koyo shawarar su fara daga ƙarshen wasa. Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, ma da ƙarshen wasa ya karya abokin karawarsa Nepomniachtchi a gasar kambun duniya a Dubai a 2021: wasanni biyar canjaras, na shida ya ja shi taku 136, mafi tsawo a tarihin gasar, daga nan mutumin bai sake farfaɗowa ba.

Buɗewa kuwa, a matakinka abu kaɗan ya isa. Ka kama tsakiyar allo, ka fito da dawakai da bishof, ka ɓoye sarki da wuri, kada ka yi gaggawar fito da sarauniya. Kafin kowane taku ka tambayi kanka: me yake nufi da takun da ya yi yanzu?

Gobe in Baba ya sake cin ka, kada ka tattara 'ya'yan da fushi. Ka sayo masa shayi, ka ce, "Baba, a ina na ɓata?" Ka rubuta takun a littafi. In kun yi wasa goma haka, ka aiko mini da su mu duba tare.