Tantin bayan a-kori-kura zai hau Hilux mai ƙofa huɗu?

Malam, ka ce ka ga tantin da ake kafawa a bayan a-kori-kura, kana so ka san ko zai hau Hilux ɗinka mai ƙofa huɗu. Zai hau, amma sai wanda aka ɗinka wa gajeren bodi. Bayan irin motarka bai wuce kusan mita 1.5 (kimanin ƙafa 5) ba, alhali yawancin tantunan nan don motocin Amurka irin su Ford F-150 ake yin su, masu bodin ƙafa 5.5, 6.5 ko 8. Ka ɗauki tef ka auna tsawon bodin da kanka, murfin baya (wato ƙofar bayan bodi) a rufe, kafin ka biya.

Abin da na lura shi ne, dogon mutum ba zai miƙe ƙafa a wannan bodin ba sai an sauke murfin baya, don haka ka nemi tantin da ke rufewa har kan murfin. Ni na fi son marar shimfiɗar ƙasa irin na kamfanin Rightline Gear, saboda ba sai ka kwashe kaya duka ba kafin ka kafa. Katifa kuma ka auna ta da tsakanin tudun tayoyin baya, nan ne wurin ya fi matsewa.