Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za Ka Daɗe Kana Aiki da Mataimakinka na Nesa

Saƙonnin wannan makon sun fi karkata ga masu ƙananan sana'o'in da suka ɗauki mataimaki na nesa, wato mutumin da ke amsa musu imel, ya tsara musu lokutan ganawa, ya kula da shafukansu, alhali ba su taɓa zama ofis ɗaya ba, wani lokaci ma ba ƙasa ɗaya suke ba. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kaya ta intanet, kuma ina da mataimakiya mai amsa mini saƙonnin kwastomomi. Wata bakwai ke nan ba ta taɓa yi mini ba daidai ba. Na ba ta kalmar sirrin Gmail ɗina da ta Facebook, in za ta shiga kuma ni nake tura mata lambar da ake aiko mini a waya. Ƙanina ya ce ganganci nake yi. Ni kuma ina tsoron in na canza yanzu ta ga kamar ban yarda da ita ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙaninki yana da gaskiya, amma ba don mataimakiyar taki abar zargi ba ce. Matsalar ita ce Gmail ɗinki shi ne uwar sauran asusunki. Duk wanda ya riƙe shi zai iya cewa ya manta kalmar sirrin Facebook ko ta wani shagon da kike saye, a aiko masa da hanyar canza ta nan take. Ba sai ita ta ci amanarki ba. Ya isa a sace kwamfutarta, ko ta latsa wani mahaɗin 'yan damfara. Ranar da hakan ta faru kuwa, ita za a fara nuna wa yatsa, kuma ba ta da abin kare kanta, tunda da sunanki take shiga. Wannan tsari naku ita ya fi cutarwa.

Abin daɗin shi ne kusan duk waɗannan manhajoji suna da hanyar ba wani izini ba tare da an miƙa masa kalmar sirri ba. A Gmail, ki buɗe shi a kwamfuta, ki shiga saituna, sashen asusu, za ki ga wurin ba wani damar shiga akwatinki. Ki sa adireshinta, ta amince da gayyatar daga nata ɓangaren. Daga nan za ta iya karantawa, ta amsa, ta goge saƙo, amma ba za ta iya canza miki kalmar sirri ba, kuma ana iya ganin ita ce ta aika a madadinki. A shafin kasuwancinki na Facebook ki ƙara ta da asusunta na kanta, ki ba ta ikon wallafa abubuwa da amsa saƙo kawai. Kada ki ba ta cikakken iko, domin mai cikakken iko yana iya cire kowa daga shafin, har da ke. WhatsApp kuma yana barin a haɗa na'urori har 4 da lamba ɗaya, sai dai ki riƙa tuna abu biyu: tana ganin duk hirarrakin da ke kan lambar, don haka ki ware lambar kasuwanci daban, kuma idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, sauran na'urorin za su fita da kansu.

Inda babu irin wannan tsari, sai ki yi amfani da manhajar adana kalmomin sirri irin su Bitwarden ko 1Password, ki raba mata waɗanda aikinta ya shafa kaɗai. Bayan kin gama duk wannan ki canza tsoffin kalmomin, ki daina tura wa kowa lambar tabbatarwa.

Game da yadda za ki gaya mata, ki faɗi gaskiyar kai tsaye: kina so kowa ya riƙa shiga da sunansa don kada wata rana a ɗora mata laifin da ba nata ba. Wadda ta san aikinta murna za ta yi, ko ba komai ta huta da jiran lamba.

Tambaya: Malam, cikin shekara guda mataimaka uku sun bar ni. Albashi ba ya wuce ranarsa. Ina yi musu bayani dalla-dalla ta saƙon murya, amma sai su yi wani abu daban, in na yi magana su ce ban faɗa ba. Shin mutanen kirki ne suka ƙare?

Amsa: Alhaji, ka yi mini haƙuri, amma idan mutum uku suka bi hanya ɗaya suka fita, ya kamata a duba hanyar. Kuma ka riga ka faɗi inda matsalar take: saƙon murya.

Ka sa kanka a wurinsa. Ya tashi da safe ya tarar da saƙo na minti shida. A farkonsa ka ce a tura wa wane takardar kuɗi, a tsakiya ka tuna da batun tikitin jirgi, can wajen ƙarshe ka ce a'a, a dakata da takardar sai wane ya kira. Yana saurare yana rubutawa, yana mayar da saƙon baya. Bayan mako biyu kuka saɓa a kan abin da aka ce, babu mai iya lalubo maganar, domin ba a binciken murya kamar yadda ake binciken rubutu. Kai ka tabbata ka faɗa, shi ya tabbata bai ji ba, kuma mai yiwuwa kowannenku gaskiyarsa yake faɗa. Irin wannan ƙaramin saɓani, yau da gobe, shi ke korar mutanen kirki, musamman da yake su ne suke da inda za su koma.

Ku samu wuri ɗaya tak da aiki yake zama. Manhajar jera ayyuka irin Trello ta isa, ko ma takardar lissafi guda a Google Sheets. Kowane aiki layinsa daban: me ake so, yaushe ake so, kuma da wace alama za a san an gama. Wannan na ukun shi aka fi mantawa. “Ka duba mini otal” ba aiki ba ne. “Ka kawo mini otal uku kusa da wurin taron, waɗanda ake iya fasawa ba tare da asarar kuɗi ba, kafin Laraba da azahar” shi ne aiki. In kai mai son magana ne ba rubutu ba, ba laifi, ka yi saƙon muryarka, amma ku yi yarjejeniya cewa shi zai mayar da shi rubutu a wancan wurin, kai kuma ka duba ka ce haka ne kafin ya fara.

Ayyukan da ake maimaitawa kuwa, ka nuna su sau ɗaya a bidiyo. Wayoyin iPhone suna ɗaukar bidiyon fuskar waya tun daga iOS 11 a 2017, na Android kuma tun daga Android 11 a 2020, ba sai ka sauke komai ba. Ka yi aikin kana bayani, ka tura masa, ka ce ya rubuta matakan da kansa a takarda guda. A rubutunsa za ka ga inda bai gane ba tun kafin ya yi kuskure a gaban kwastoma. Kuma in ya tafi wata rana, takardar tana nan ga na bayansa.

Abu na ƙarshe, wanda ba na manhaja ba ne amma ya fi su duka: ka gaya masa abin da zai iya yanke wa hukunci ba tare da ya tambaye ka ba. Misali, ragin da bai wuce kaza ba ya yi da kansa, ganawar da ba ta gaggawa ba ya ɗaga ta da kansa. Mataimakin da sai ya nemi izini kafin ya motsa, kai ma gajiya za ka yi da shi, shi ma ba zai ga dalilin zama ba. Ku ware minti ashirin a mako ku ga juna ta bidiyo, ka tambaye shi me yake ci masa lokaci a banza. Sau da yawa amsar wani abu ne da kai kake yi.

Tambaya: Akwai manhajar da za ta riƙa nuna mini abin da mataimakina yake yi a kwamfutarsa?

Amsa: Akwai. Idan ta Upwork, wato shafin ɗaukar ma'aikata na nesa, ka ɗauke shi a kan biyan awa-awa, manhajarsu tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutarsa sau ɗaya cikin kowane minti 10, tana kuma ƙirga yawan latsa madannai. Shi ya san da haka, shi ke kunnawa da kashewa, kuma tana kare shi ma idan aka yi gardamar kuɗi. Wannan ba ni da ja a kansa, musamman a watannin farko.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne sa masa wata manhaja a ɓoye. Kwamfutarsa ce, akwai hotunan iyalinsa da asusun bankinsa da ayyukan wasu mutane a ciki, kuma a ƙasashe da dama hakan karya doka ne. Bayan haka, hoton ba ya gaya maka ko aikin ya yi kyau. Mutum zai iya wuni yana motsa linzamin kwamfuta bai tsinana komai ba, wani kuma ya yi shiru minti goma yana tunanin yadda zai lallashi kwastoman da ya fusata. Ka duba sakamako: an amsa saƙonni a kan lokaci, kuskure yana raguwa? In shekara ta zagayo har yanzu sai ka ga hoto hankalinka yake kwanciya, to ku zauna ku yi magana.

Tambaya: Ina zaune a Ingila, mataimakiyata tana Filifin. Kullum a lokaci ɗaya muke ganawa, amma a ƙarshen Maris sai muka saɓa da awa guda.

Amsa: Agogonka ne ya matsa, ba nata ba. Ingila tana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Filifin ba ta canzawa, don haka tazararku awa 8 ce a lokacin sanyi, awa 7 a lokacin zafi. Ku daina faɗin lokaci da baki. Ka tura gayyata ta Google Calendar, kowa zai gan ta da agogon ƙasarsa, ka kuma kunna agogo na biyu a saitunan kalandar don ka riƙa ganin ƙarfe nawa ne a wurinta kafin ka danna kira. Mutane da yawa ba sa lura cewa la'asar ɗinsu tsakar daren mataimakinsu ne.

Tambaya: Mataimakina na shekara uku ya samu wani aiki, mun rabu lafiya. An ce mini takardun da ya ƙirƙira a Google Drive ba nawa ba ne, alhali a cikin foldata suke. Haka ne?

Amsa: Haka ne, kuma gara da ka tambaya tun kuna shiri. A asusun Google na kyauta, wanda ya ƙirƙiri fayil shi ne mai shi, ko da a foldar wani ya ajiye. In ya goge su ko ya rufe asusunsa, za ka iya rasa su. Ko bai taɓa komai ba, tun Disamba 2023 Google yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a yi amfani da shi ba.

Ka roƙe shi ya buɗe kowane fayil, ya shiga wurin rabawa, ya mayar da mallakar zuwa sunanka, kai kuma ka amince da buƙatar da za ta zo maka. In fayilolin sun yi yawa ko wasu sun ƙi, ka kwafe su. Kwafin naka ne, sai dai tarihin gyare-gyaren ba zai biyo shi ba. Bayan nan ka cire izininsa daga Gmail da shafukanka, ka fitar da kwamfutarsa daga WhatsApp, ka canza duk kalmar sirrin da ya sani, kuma ka sanar da shi kafin ka yi don kada ya wayi gari ya ga an rufe masa ƙofa. Idan kana biyan Google Workspace, wato tsarin Google na kamfanoni, ka duba ko tsarinka yana da rumbun haɗaka, inda fayiloli suke zama mallakar kamfani ko wane ne ya ƙirƙira su. Tunda kuma kun rabu lafiya, ka biya shi kuɗin awa biyu ko uku ya zauna da wanda zai gaje shi ta bidiyo, ya nuna masa kwastomomin da ke son a kira su da waɗanda rubutu kawai suke amsawa.