Ku Tambaya, Mu Amsa: Zuwa Hutu Bakin Teku da Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna so mu kai yaranmu uku Legas hutun ƙarshen shekara, su ga teku da idonsu. Babbar shekararta tara, mai bi mata shida, autan biyu. Duk cikinmu babu wanda ya iya ruwa. Ina ya kamata mu je, kuma me za mu kiyaye?
Maman yara uku, Kubwa, Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kun dace da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ya yi sauƙi a Legas, teku ma ta fi kwanciya a kan lokacin dogon hutu na Agusta, sa'ad da igiyar ruwa ke haukacewa. Matsalar Disamba ita ce cunkoso da tsadar masauki da tikiti, don haka ku kama da wuri. Jirgin sama daga Abuja kamar awa ɗaya ne. Mota kuwa, ta Lokoja da Okene, wuni guda ce cur. In ita za ku bi, ku tashi bayan sallar asuba, kada dare ya same ku a hanya.

Batun wuri shi ne babba. Kada ku ce a kai ku Bar Beach, an cike wurin an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Wuraren da ke ɓangaren Lekki, irin su Elegushi da Eleko, suna fuskantar tekun Atlantika kai tsaye, babu abin da ke tare igiyar ruwa. Sun dace da zama a sha iska da wasan yashi, amma ba da shiga ruwa ga wanda bai iya ba. Ga masu ƙananan yara mun fi son Tarkwa Bay, domin katangar duwatsun da aka yi wa mashigar tashar jiragen ruwa tana karya ƙarfin igiyar. Sai dai babu hanyar mota, a jirgin ruwa ake zuwa daga CMS (tashar da ke tsibirin Legas) ko Victoria Island, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ku hau a tasha mai rajista. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, ta autan kuma ta zama daidai jikinsa: a ɗaure ta, a kama kafaɗunta a ja sama, in ta haye kunnuwansa ta yi masa yawa, zai zame daga cikinta. Gara ku sayi tasa tun daga Abuja. Ku dawo da sauran rana, kada ku jira jirgin ƙarshe.

Yanzu ga abin da ya fi komai cin rayuka, kuma mutanen tudu ba su san shi ba. Ruwan da igiya ta watso bakin gaɓa sai ya koma, kuma yakan taru ya koma ta wata siririyar hanya da gudu, ya ja duk abin da ya tarar zuwa ciki. Abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: za ki ga kumfa fari yana fashewa dama da hagu, tsakiya kuma ruwa ya yi duhu, ya yi lumui, wani lokaci da ciyayi ko leda suna tafiya ciki. Nan uwa kan ce yara su shiga, nan ne kuma haɗarin yake. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi ya ce sai ya dawo ta inda ya fito, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu a gan shi. In ya iya iyo ya yi gefe, a layin gaɓar, har ya fita daga hanyar ruwan. Na kan tudu kuma kada ya faɗa. Ya yi ihu, ya kira masu ceto, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarkar da babu komai ciki mai murfi. Lambar gaggawa a Legas ita ce 112 ko 767.

Tunda babu mai iya ruwa a gidanku, dokarku ta zama kada ruwa ya wuce idon sawu ga yara, gwiwa ga manya. Autan kada ya wuce inda hannunki zai kai gare shi. Yaro mai nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Shiru yake tafiya, cikin abin da bai kai minti ɗaya ko biyu ba. Saboda haka ku raba aiki a bayyane: wane ne ke kallon yara yanzu, wayarsa a jaka, sai ya miƙa wa wani da baki. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Robar da ake hurawa ta wasa ce, iska na tura ta ciki da yaron a kai. Ku kuma lura teku na cika tana janyewa, kusan awa shida tsakani, inda kuka shimfiɗa tabarma da hantsi ruwa na iya cinye shi da azahar.

Tambaya: Yarana a Jos aka haife su, ba su saba da zafi ba. Ina tsoron kada mu je hutu mu dawo da jinya.
Wani uba daga Rayfield, Jos

Amsa: Tsoronka na kan hanya, Malam. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, iskarta busasshiya ce mai sanyi. A Legas iska jiƙe take, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa da sauri. Ku isa bakin teku da safe, ku koma inuwa daga ƙarfe 11 zuwa la'asar. A ba yara ruwa kowane rabin awa ko ba su nema ba; fitsari ya yi ja ko yaro ya yi laushi, alama ce ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Baƙar fata ma rana na ƙona ta: a shafa man kare rana mai lamba 30 ko sama, a sake bayan awa biyu da kuma bayan an fito daga ruwa. Jaririn da bai kai wata shida ba inuwa ce tasa kawai. Takalmin roba dole ne, yashin rana na ƙona tafin ƙafa, ga fasassun kwalabe.

Ciki shi ne na biyu. Ruwan gora mai hatimi kawai, kifi kuma wanda aka gasa a gabanka aka ci da zafinsa. Ku tafi da ƙunshin ORS, garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa da jini, ko amai da ba ya tsayawa, sai asibiti. Ku kwana cikin gidan sauro, zazzaɓin da ya biyo bayan dawowa kuma a yi gwajin maleriya kafin a sha magani. Abu ɗaya da iyaye ba sa ɗauka da muhimmanci: ramin yashi. Kada yaro ya haƙa abin da ya wuce gwiwarsa, yashi na ruftawa.

Tambaya: Yaya mace mai hijabi za ta yi, kuma yaya batun salla?
'Yar'uwarku daga Gwarimpa

Amsa: 'Yar'uwa, ki zaɓi ranar aiki da safe. Yammacin Asabar da Lahadi kiɗa da shaye-shaye sun yi yawa a wurare da dama. Dogon hijabi da abaya in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, igiya ta kayar da mutum. Ki sa doguwar riga mai kauri zuwa gwiwa, da wando, da ƙaramin hijabi, ki ajiye babban a jaka don sauyawa. Ki tambaya a ƙofa ko ana barin shiga da abinci, domin wasu wuraren suna karɓar kuɗi a kansa bayan kuɗin shiga.

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar. Alƙibla daga Legas arewa maso gabas take, teku kuwa tana kudu, don haka kada ku fuskanci ruwa. A mazhabar Malikiyya matafiyi na yin ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ke da maigida kada ku tayar da salla lokaci guda: ɗaya ya yi, ɗaya ya riƙe yara nesa da ruwa.