Zauren Tambaya: Muhawarar Majalisa, Fanshon Baba da Kamun Madadi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Mahaifina tsohon malamin gona ne, ya yi wa jiha aiki shekara 35 kafin ya ajiye. Abin da ke shigo masa na fansho yanzu ko buhun masara ba ya saye, ga maganin hawan jini kowane wata. Ƙanena kuma yana aiki a wani gidan burodi tun asuba har isha'i, albashinsa ko rabin naira 70,000 ɗin da ake faɗi bai kai ba. Kwanaki mun ji 'yan majalisa a rediyo suna ta da jijiyar wuya kan ma'aikata da tsofaffi, Baba har ya sa rai. Za a ƙara masa? Ƙanena kuma yana da inda zai kai kuka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ki lallashe shi kada ya ci bashi a kan abin da ya ji a rediyo.

Magana iri biyu ake yi a zauren majalisa, a kunne kuwa duk ɗaya suke. Akwai ƙorafin da ɗan majalisa kan miƙe ya gabatar, a yi ta zafi, shugaba ya buga guduma, a ce "majalisa ta yi kira ga gwamnati". Wannan kira ne kawai, ba ya tilasta wa kowa fitar da ko sisi. Sai kuma ƙudirin doka, mai doguwar tafiya a majalisar tarayya: karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, a miƙa wa ɗaya majalisar ita ma ta amince, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30. In ya ƙi, sai an samu kashi biyu bisa uku a majalisun biyu kafin a tsallake shi. Idan kika ji an ce "an yi kira" ko "an buƙaci", to irin na farkon ne, kuma shi ya fi yawa a labarai saboda ya fi daɗin sauraro.

Ko da dokar ce ma, fanshon wanda ya yi wa jiha aiki ba daga Abuja yake fitowa ba. Dokar fansho ta adashin gata da aka yi a 2004, aka sabunta a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya zuba 10, ba ta hawa kan ma'aikatan jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Hukumar biyan fansho ta PTAD kuma tsofaffin ma'aikatan tarayya take biya. Saboda haka 'yan majalisar da maganarsu za ta taɓa aljihun Baba su ne 34 ɗin nan namu na jiha, waɗanda muke haɗuwa da su a wajen ɗaurin aure da zaman makoki.

Makamin Baba kuwa yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 210 ya ce a riƙa duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka duba albashin ma'aikata, wanda ya riga zuwa. Sashe na 173 ya faɗi irin haka ga na tarayya. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 30,000 a 2019, aka kai shi 70,000 a watan Yulin 2024. Sai Baba ya ɗauko takardar ajiye aikinsa da bayanan banki na shekarun nan, ya ga sau nawa adadin ya motsa. Da wannan zai je ƙungiyar 'yan fansho, su rubuta koke da sunan ƙungiya zuwa ga ɗan majalisarsu, su riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Na yi aikin magatakarda a kotu har na tsufa, na kuma ga yadda takardar mutum ɗaya ke kwana a ƙasan fayil, mai sa hannun mutum ɗari kuwa a ɗauke ta a kai sama da gudu. Kada kuma ya yi wasa da ranar tantancewa, don wanda sunansa ya faɗo daga jeri kan sha wahala kafin a mayar da shi.

Akwai cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa dokarta hannu a 2018, amma ba ta biyan fansho, kada a aika Baba can.

Zancen ƙaninki ya fi ɗaci. Dokar mafi ƙarancin albashi ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya la'ada ko gwargwadon abin da suka yi. Ki duba gidajen burodi, masu ruwan leda, 'yan tireda da ƙananan makarantun kuɗi na garin nan, nawa ne ke da mutum 25? A ganina a nan dokar ta yi rauni, don ta bar mafi yawan masu gumi a waje. A 2021 wani ɗan majalisar wakilai daga Kaduna ya kawo ƙudirin bai wa jihohi ikon yanke nasu albashin, 'yan ƙwadago suka yi zanga-zanga har harabar majalisa, maganar ta kwanta. Ƙwadago sun kare abin da ke hannunsu, amma ɗan gidan burodi ba ya cikin lissafin tun farko.

Sai ƙanin naki ya ƙirga abokan aikinsa. In sun kai 25, yana da hujja a ofishin ƙwadago na tarayya da kuma kotun ma'aikata. In ba su kai ba, har yanzu dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Ya nema cikin ladabi, don ranar da tanda ta ƙona masa hannu, wannan takardar ce shaidar cewa ma'aikacin wurin ne.

TAMBAYA: Malam, daga Daura nake. Yayana ya karɓi kaya bashi ya tafi Legas bai biya ba. Mai kayan ya kai ƙara, 'yan sanda suka zo suka tafi da kawunmu mai shekara 68, aka ce sai yayan ya dawo. An ce mana wai majalisa na kan gyara dokar irin wannan. Mu jira ne?

AMSA: Kada ku jira, ɗana, an gama wannan gyaran tun tuni. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kamu a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta hau kan kowane ɗan sanda a ƙasar nan, ta maimaita duka biyun. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, Daura kuwa ba ta rasa kotu ba.

Abin da nake ji muku tsoro shi ne a sauya wa maganar riga, a rubuta "cin amana" ko "haɗa baki", a kai shi kotu a nemi a ajiye shi. Da haka gidajen gyaran hali suka cika: kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. An sauya wa gidan yari suna a dokar 2019, a 2023 kuma aka ba jihohi damar gina nasu, amma dattijon da aka kai ajiyar mako biyu kan iya yin azumi a ciki idan fayil ɗinsa ya ɓace tsakanin ofis da ofis.

Gobe da sassafe ku je da dattijo ɗaya mai mutunci da katin shaidarsa, ku nemi ganin DPO da kansa, ku tambaye shi a natse laifin da kawu ya aikata shi da kansa. Beli kyauta ne, kada ku fara da ciro kuɗi, don da zarar kun ciro an shiga ciniki. In an ƙi, ku rubuta wa kwamishinan 'yan sanda, ku kai kwafi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da hukumar ba da lauya kyauta a Katsina. Ku kai wa kawu maganinsa da abinci yau ɗin nan.

Yayanka kuma ku kira shi ku gaya masa gaskiya. Bashin yana nan a wuyansa, mai kaya na da haƙƙin kai shi kotu ya nemi kuɗinsa, kuma kotun za ta iya yanka masa biya kaɗan-kaɗan idan ya zo da ƙafarsa.