Me ya sa lambar rasit ɗinmu take maimaita kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni na rubuta manhajar da wani shagon tura kuɗi yake aiki da ita a Garwa, kwamfutoci uku ne. Kowane rasit ina ba shi lamba mai alƙaluma 6 da rand, umarnin fitar da lamba kara-zube na harshen rubuta manhaja C; srand kuma, wanda yake tsara inda jerin lambobin zai fara, ina ba shi agogon na'ura. Makon jiya rasit biyu suka fito da lamba ɗaya, wani ya karɓi sefa 50,000 na wani. Maigida na zargin yaran shago, ni kuwa barci ya gagare ni. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, je ka wanke yaran nan a wurin maigida yau ɗin nan, kada su kwana da zargin sata. Laifin manhajar ne.

Abin da ya kama ka kullum sai na gamu da shi: mutane sun ɗauka lambar da ta fito kara-zube ba ta dawowa. Wa ya ce? Rand bai taɓa yi maka wannan alkawari ba. Kamar zaro ƙuri'a ne daga ƙwarya kana mayar da ita ciki. Wadda ta fita ɗazu tana iya sake fita yanzu. Kuma ba sai ka kusa cinye lambobin ba. Alƙaluma 6 lambobi miliyan ɗaya ne, amma da ka buga rasit wajen 1,180, yiwuwar biyu su yi karo ta kai rabi. In da kayan Microsoft ka haɗa manhajar, rand ba ya wuce 32,767, kenan rasit 213 sun isa. Masu raba shawara a WhatsApp za su ce maka ƙara tsawon lambar kawai. Wallahi wannan shawara tana ɓata mini rai, don kuɗin talakawa ake wasa da shi. Ko bit 32 ka cika, wato lambobi sama da biliyan huɗu, a wajen lamba 77,000 ka sake komawa rabi da rabi. Ɗage ranar rigima suka yi, ba su hana ta ba.

Ga kuma agogo. Wuta ta ɗauke, an tayar da janareta, kwamfutoci biyu sun buɗe manhajar a daƙiƙa ɗaya: srand ya samu lokaci ɗaya a duka biyun, don haka jeri ɗaya za su yi ta fitarwa tun daga lambar farko. Balle tsohuwar na'urar da batirin agogonta ya mutu, wadda duk safiya take komawa kwanan wata ɗaya.

Gyaran ba wuya. Ka ajiye maƙirgi mai hawa ɗaya bayan ɗaya a rumbun bayanai, ka riƙa wuce da shi ta tsarin Feistel, wata hanyar cuɗanya lamba, da makullin sirri. Lambobi biyu daban ba sa fita da sakamako ɗaya, don haka babu karo, kuma wanda ba shi da makullin ba zai iya hasashen ta gaba ba. Kowace kwamfuta ka ba ta harafinta a farkon lamba. Ka rubuta maƙirgin a faifai kafin firinta ta fara bugawa, saboda ɗaukewar wuta. In tsawo bai dame ka ba, ɗauki UUID na 4, doguwar lambar shaida mai bit 122 na kara-zube, ka samo su daga getrandom a Linux ko BCryptGenRandom a Windows.

Ko wanne ka zaɓa, sa UNIQUE a kan gurbin lambar a rumbun bayanai, don ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Sannan yau da dare ka bincika tsofaffin rasit ɗin da ba a karɓi kuɗinsu ba, ka canza wa masu lamba ɗaya kafin a buɗe shago gobe.